Tsuntsun Kogon Bonkro: Shekaru 200 Tsakanin Bindiga, Keji da Tabarau

Bonkro ƙaramin ƙauye ne na manoman koko a ƙasar Adansi, kudancin yankin Ashanti na Ghana. Wanda ya taso daga Cape Coast zai nufi Kumasi, sai ya ratse daga babban titi ya bi hanyar ƙauye kafin ya iske shi. Duk ƙanƙantarsa, yau sunansa na cikin jadawalin kusan kowane kamfani da ke kai masu kallon tsuntsaye Ghana. Mutane kan taso daga Ingila da Amurka da Holan, su biya kuɗin jirgi da na masauki, su hau tudu cikin zufa a gandun dajin Nyamebe Bepo, don kawai su zauna shiru a gindin wani dutse har wani tsuntsu ya dawo makwancinsa da la'asar sakaliya. Kafin a kai ga haka an shafe shekaru kusan 200, kuma kaso mafi tsoka na labarin ba mai daɗin ji ba ne.

Masana na kiran tsuntsun Picathartes gymnocephalus. Mu a nan za mu ce masa mai-sanƙo, domin kansa ba gashi ko ɗaya. Fatar kan ruwan ɗorawa ce, da baƙin tabo babba a kowane gefe bayan ido. Wuya da ciki fari tas, baya da fikafikai baƙi mai ratsin toka, jela doguwa, ƙafafu dogaye masu ƙarfi. Tsawonsa santimita 40 ne ko kusa da haka, nauyinsa kuma bai cika wuce giram 250 ba. Bai damu da tashi sama ba. Tsalle yake yi daga dutse zuwa reshe zuwa ƙasa, kuma da wuya a ji kukansa. Ƙwari yake ci da tana da dodon koɗi, yakan kuma bi bayan rundunar kwarkwasa yana tsintar abin da suka koro daga ƙarƙashin ganyaye. In yana da 'ya'ya a sheƙa sai ya ƙara da ƙananan kwaɗi da ƙadangaru. A duk duniya ƙasashe biyar kaɗai ake samunsa: Gini, Saliyo, Laberiya, Kwaddibuwa da Ghana.

Sheƙarsa ce ta jawo masa suna, ita ce kuma ta jawo masa wahala. Da laka yake gina ta, yana cuɗawa da saiwoyi da zaren tsirrai, ya manna ta a jikin dutse a inda dutsen ya yi rumfa ruwan sama ba ya kaiwa, siffarta kamar rabin akushi. Dole dutsen ya kasance a cikin kurmi mai duhu, dole kuma a sami rafi ko laka a kusa. Irin wannan wuri ba shi da yawa, shi ya sa tsuntsayen ke komawa dutse ɗaya shekara da shekaru suna gyara tsohuwar sheƙa. Ƙwai biyu suke yi galibi, wani lokaci ɗaya. Uwa da uba na kwanci bi da bi sama da mako uku, sannan a yi kusan wata guda ana ciyarwa, kuma da yawa daga cikin 'ya'yan ba sa kaiwa tashi. To, tsuntsun da mazauninsa ba ya sauyawa, kuma ba ya hayayyafa da sauri, duk wanda ya san dutsensa ya riga ya mallake shi. Mutanen ƙauye ne suka san dutsen. Saboda haka tun farko makomar mai-sanƙo ta rataya ne a kan abin da baƙo ya zo ya biya ɗan gari ya yi masa.

Baƙon farko gawa yake so. A 1825 Coenraad Temminck, shugaban gidan adana halittu na birnin Leiden a ƙasar Holan, ya bayyana tsuntsun ga masanan Turai daga wata busasshiyar fata da aka kawo daga gaɓar tekun Gini. Ya ɗauka wani irin hankaka ne. Shekaru uku bayan haka Bafaranshe René Lesson ya ware masa rukuni na kansa. A 1899 Bajamushe Anton Reichenow ya bayyana ɗan'uwansa, mai jan ƙeya da shuɗin goshi, daga gindin Dutsen Kamaru. Masana sun daɗe suna kai-kawo da su, yau a jingina su da wannan dangi, gobe a mayar da su wancan, har binciken ƙwayoyin halitta ya ƙarfafa cewa gidansu daban ne, su biyu ne kacal a cikinsa, kuma makusantansu wasu tsuntsayen duwatsu ne na kudancin Afirka da wani guda na kurmin Malesiya. A tsawon wannan zamani aikin bindiga ake yi. A harbo, a feɗe, a cusa auduga, a ɗaura wa ƙafa takarda mai ɗauke da sunan Baturen da ya aiko. Sunan maharbin da ya nuna hanya ba ya hawa takardar.

Su kuwa mutanen kurmin suna da tasu dangantakar da shi tun kafin zuwan kowa. A sassa na Saliyo an yi imani cewa manyan duwatsun da yake sheƙa a jikinsu mazaunin ruhohin kakanni ne, tsuntsayen kuma masu gadin wurin ne, don haka ba a taɓa su. Ko mutum ya yarda da wannan imani ko bai yarda ba, abin da ya haifar a fili yake: duwatsu da yawa sun zauna lafiya da sheƙunansu har zuwa ƙarni na 20.

A nan akwai wata mahaɗa da tarihinmu. Goron da fataken Hausa suka yi ta zuwa Gwanja saye a ƙarni na 19, suna loda wa jakuna a kasuwar Salaga, daga wannan kurmi na Asante yake fitowa, ƙasar mutanen da kakanninmu ke kira Tonawa. Cinikin goro bai ci kurmi ba, domin itacen goro a cikin inuwar manyan itatuwa yake rayuwa, 'ya'yansa kawai ake tsinta. Koko ne ya zo da wani sabon al'amari. A 1879 Tetteh Quarshie ya dawo daga tsibirin Fernando Po da irinsa ya shuka a Mampong ta Akuapem, kuma zuwa 1911 ba ƙasar da ta kai Gold Coast, wato Ghana ta yau, fitar da koko a duniya. Koko ya fi yin kyau a sabuwar ƙasa da aka sare yanzu, don haka da gona ta tsufa sai manomi ya ƙara gaba. Haka saran ya tashi daga gabas ya ratsa Ashanti ya nufi Ahafo da yamma. 'Yan arewa ma suna ciki, wasu 'yan ƙwadago a gonaki, wasu 'yan kasuwa a zangunan da suka tsiro a bakin hanya, kuma ba wanda zai ga laifin mai neman abinci. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanonin katako suka shigo da tasu hanyar. Abin da ya tsira shi ne gandayen da aka shata bayan dokar daji ta 1927, dokar da sarakuna da 'yan boko suka daɗe suna turjewa don gudun kada ta zama hanyar ƙwace musu ƙasa. A ƙarshe ƙasar ta ci gaba da zama ta sarautun gargajiya, gwamnati na kula da itatuwan. Yankin kurmi na Ghana ya kai hekta miliyan 8, amma gandayen duka ba su kai miliyan 2 ba. A cikin waɗannan tsibiran daji mai-sanƙo ya maƙale.

Baƙo na biyu da rai yake son tsuntsun, amma a cikin keji. A 1954 wani matashi ɗan shekara 28, ma'aikacin sashen talabijin na BBC mai suna David Attenborough, ya haɗa kai da Jack Lester, mai kula da macizai da dangoginsu a gidan namun daji na Landan. Dabararsu ita ce su je Afirka a ɗauki hoton yadda ake kamo dabbobi, sannan a nuna dabbobin da ransu a ɗakin watsa shiri. Suna bukatar wani abu guda da za a ce shi aka tafi nema, wanda zai sa mai kallo ya dawo mako mai zuwa don jin ko an dace. Lester, wanda ya san Saliyo, shi ya kawo sunan mai-sanƙo. Aka sa wa shirin suna Zoo Quest, suka tafi tare da mai ɗaukar hoto Charles Lagus da Alf Woods na sashen tsuntsaye. Sun sami dutsen, sun ɗauki hoton tsuntsun a sheƙarsa, sun kuma koma Landan da guda ɗaya da rai. An fara nuna shirin a Disambar 1954. Bayan kashi na farko Lester ya kwanta rashin lafiya, aka ce Attenborough ya fito gaban kyamara ya riƙe masa wurin. Ciwon ya yi ta dawo wa Lester har ya rasu a 1956, shi kuwa Attenborough ya ci gaba da fitowa gaban kyamara, har ya zama muryar da duniya ta fi sani a shirye-shiryen namun daji.

Turawa na son ba da wannan labari, kuma yana da daɗi, amma akan tsaya a rabinsa. Shirin ya yi wa tsuntsun talla, tallar kuma ta sa masa farashi. Daga shekarun 1950 zuwa farkon 1970 gidajen namun daji na Turai da Amurka suka shiga rige-rigen mallakarsa, dillalan dabbobi suka bazama, musamman a Laberiya. Kama shi ba wuya ga wanda ya san dutsen: a je da dare da tocila, a haske shi a sheƙa, a sa hannu a ɗauke. Da ɗan gari akan ci gari, kuma maharbin da aka miƙa wa kuɗi a hannu ba shi da dalilin ƙi. Duwatsun da suka shekara aru-aru da mazaunansu suka wayi gari wayam. Wasu daga cikin tsuntsayen da aka kwashe sun yi ƙwai har sun ƙyanƙyashe a keji, amma ba inda zuri'ar ta ɗore. A ganina wannan shi ne babi mafi muni a tarihin, domin masu bindiga na ƙarni na 19 ɗaiɗai suke ɗauka, waɗannan kuwa gida guda suke kwashewa, da sunan ilmantar da jama'a. Attenborough da kansa ya sha bayyana daga baya cewa irin wannan kamu ba abin da za a yarda da shi ba ne a yau. An rufe ƙofar a hukumance ne bayan yarjejeniyar CITES ta fara aiki a 1975, inda aka sa mai-sanƙo a rukunin farko, na halittun da aka haramta cinikinsu tsakanin ƙasashe.

A Ghana, mutum na ƙarshe da ya bi tsuntsun da natsuwa a wancan zamani shi ne Llewellyn Grimes, malami a Jami'ar Ghana da ke Legon, wanda ya ziyarci duwatsunsa ya rubuta abin da ya gani a shekarun 1960. Daga nan sai shiru. Shekaru kusan 40 ba wani masani da ya sake ba da tabbacin ganinsa a ƙasar, har littattafai suka fara rubuta cewa wataƙila ya ƙare a Ghana. Akwai dalilin zaton haka, domin dazuzzukan da aka san shi a ciki da yawa sun koma gonaki. Amma a tuna halin da Ghana ta shiga. An yi juyin mulki a 1966, aka sake a 1972, sannan 1979 da 1981. Tattalin arziki ya durƙushe, malaman jami'a suka watse neman aiki a waje, da yawansu Najeriya suka nufa. A 1983 aka haɗa fari da gobarar daji da ta cinye gonakin koko da gandaye, a shekarar da Najeriya ta koro 'yan Ghana kimanin miliyan 1. A irin wannan hali wa zai sami mota da mai da albashi ya shiga daji neman sheƙar laka? Tsuntsun ya ragu ƙwarai, wannan gaskiya ne. Amma ɓatan da aka ce ya yi, a littafi ya ɓata. Maharban da ke fakewa a kogunan in ruwa ya tsuge, har su hura wuta su kwana, suna ganinsa. Ba wanda ya je ya tambaye su.

Ilimi mai zurfi a kan rayuwarsa daga Saliyo ya fito, kuma daga hannun ɗan ƙasa. Hazell Shokellu Thompson ya shafe shekaru yana bin duwatsun, yana ƙirga sheƙuna da ƙwai da 'ya'yan da suka tashi, a daidai lokacin da yaƙin basasar da ya ɓarke a 1991 ke cin gabashin ƙasar, inda kurmin Gola yake. A kan wannan tsuntsu ya yi digirinsa na uku, daga baya ya jagoranci ayyukan ƙungiyar kare tsuntsaye ta BirdLife a Afirka. Mafi yawan abin da aka sani yau game da ƙarancin hayayyafarsa daga irin wannan aiki na haƙuri ya samo asali. Kurmin Gola kansa, mai faɗin sama da hekta 70,000, ya zama gandun ƙasa mai cikakkiyar kariya, shugaba Ernest Bai Koroma ya ƙaddamar da shi a 2011.

Ana cikin haka baƙo na uku ya kunno kai, shi kuma ba ya son ɗaukar komai sai abin da idonsa ya gani. Ya kamata mai karatu ya fahimci wata ɗabi'a ta masu kallon tsuntsaye, domin ita ke juya wannan kasuwa: lissafi suke yi. Kowa na da kundin da yake rubuta duk nau'in da ya taɓa gani da idonsa. Nau'o'in tsuntsaye a duniya sun kai kimanin 11,000, ba mai iya gama su, don haka wasu suka rage buri suka ce za su ga aƙalla wakili ɗaya daga kowane dangi, dangogin kuwa kimanin 250 ne. Dangin mai-sanƙo nau'i biyu ne, duka a kurmin Afirka. Wanda ke wannan lissafi ba shi da hanyar kaucewa, dole ya zo. Amma ya zo ina? Laberiya na cikin yaƙi daga 1989 har 2003, Saliyo daga 1991 zuwa 2002, Kwaddibuwa kuma, wadda ta kasance wurin zuwa, ta rabe biyu a 2002. Ghana ce ke zaune lafiya. Tana da gadar igiya ta gandun Kakum da aka buɗe a 1995, wadda ke kai mutum tsakiyar rassan manyan itatuwa ya ga tsuntsayen da ba a iya gani daga ƙasa. A 2001 littafin Nik Borrow da Ron Demey mai zanen tsuntsayen Afirka ta Yamma ya fito, ya sauƙaƙa gane su. Komai ya haɗu a Ghana in ban da tsuntsun da aka fi nema.

A 2003 wata tawagar masana daga Amurka, cikinsu har da Ben Marks da Jason Weckstein, tare da ma'aikatan hukumar namun daji ta Ghana, suna aiki a gandun Subim na ƙasar Ahafo, sai mai-sanƙo ya faɗa cikin ragar da suka kafa. Rahoton ya fito a 2004, kuma a wannan karo sunayen 'yan Ghana na cikin marubutansa. Abin da ya biyo baya ya fi kamun muhimmanci. Ƙungiyar kare namun daji ta Ghana da masu bincike irin su Augustus Asamoah suka shiga ƙauyukan da ke gefen gandaye suna tambayar maharba da manoma, sai ga duwatsu masu sheƙuna suna bayyana a wurare daban-daban. Na kusa da Bonkro ya fi sauran dacewa da baƙi: yana kan hanyar da ke haɗa Kakum da Kumasi, tafiyar ƙafa zuwa dutsen ba ta fi ƙarfin dattijo mai lafiya ba, kuma tsuntsayen na dawowa kusan kullum.

Tsarin da aka kafa mai sauƙi ne. Baƙi kan iso da rana, a haɗa su da 'yan jagora daga ƙauyen. A ratsa gonakin koko, a shiga kurmi, a hau tudu, a isa dutsen tun tsuntsayen ba su dawo ba. Akwai bencina da aka kafa nesa kaɗan da sheƙunan. Daga nan sai zama, ba magana, ba motsi mai ƙarfi, ko sauro da ƙananan ƙudaje sun dami mutum. Wani lokaci a jira minti 30, wani lokaci awa biyu. In sun zo, sukan diro kan reshe ko kan dutse, su tsaya su dubi mutanen, su gyara gashinsu, su leƙa sheƙa, su fita su sake dawowa. Kafin duhu ya rufe a sauko. Kuɗin da aka biya wani kaso na 'yan jagora ne, wani na al'umma. Kamfanin Ashanti African Tours, wanda ke da mazauni a Ghana, ya gina makaranta da masaukin baƙi a yankin, aka kuma sa mutanen ƙauyukan cikin aikin tsaron dajin.

Abin da ya sauya a nan ya cancanci a tsaya a kansa. Sanin dutsen yana nan inda yake tun 1825, a kan ɗan gari. Amma mai sayen fata sau ɗaya yake biya, mai sayen tsuntsun keji ma sau ɗaya, daga nan dutsen ya mutu, cinikin ya ƙare. Mai tabarau kuwa yana biya ya tafi ya bar tsuntsun, gobe wani ya zo ya sake biya a kan wannan tsuntsun dai. A karo na farko amfanin maharbi da ran mai-sanƙo suka fuskanci alƙibla ɗaya. Wanda a da zai hura wuta a kogon, yanzu shi zai hana wani hurawa. Ban da haka sana'a ta tsiro. Ghana na da nau'in tsuntsaye sama da 700, kuma yau akwai samari 'yan ƙasar da ke gane ɗaruruwa daga cikinsu da kuka kawai, su ke jagorantar baƙin daga Accra har gandun Mole a arewa. Shekaru 40 da suka wuce Bature ke zuwa da wannan ilimi a jakarsa.

Sai dai ba na cikin masu cewa an gama. Farko dai, in aka duba abin da baƙo ke kashewa tun daga gidansa, mafi yawa na kamfanin jirgi ne da otal-otal da masu shirya tafiya. Abin da ke sauka a ƙauye ɗan kaɗan ne, kuma ba kowane gida yake shiga ba. Manomin da gonarsa ke bakin gandu, wanda ba ɗan jagora ba ne, yana ganin motoci na wucewa ne kawai, alhali shi aka hana ƙara ko taku ɗaya cikin dajin. Sannan kasuwar na da saurin tsinkewa. A 2014 cutar Ebola ta ɓarke a Gini da Laberiya da Saliyo. Ghana ba ta sami ko mutum ɗaya da ya kamu ba, amma baƙi suka soke tafiye-tafiye, domin ga mai kallon taswira daga nesa Afirka ta Yamma duk ɗaya ce. A Maris na 2020 korona ta sa aka rufe iyakoki, filin jirgin saman Accra bai buɗe wa fasinjojin waje ba sai Satumba. Duk tsarin da ya dogara ga jirgin da ke tasowa daga wata nahiya, ranar da jirgin bai zo ba ɗan jagora zai koma ga abin da ya sani, kuma bindigarsa na nan a rataye.

Babbar barazanar kuwa a ƙarƙashin ƙasa take. Adansi ƙasar zinariya ce. Mahaƙar Obuasi ta fara aiki ne tun 1897, kuma haƙar bayan fage da 'yan Ghana ke kira galamse ta tashi daga aikin shebur da kwano ta koma ta manyan motocin haƙa. Kogunan Pra da Offin sun koma ruwan laka. Yawancin gandayen Ghana ba irin Kakum ba ne, an shata su ne don a riƙa yankan katako da izini, ga kuma masu zarton inji da ke shiga ba izini. A 2022 gwamnati ta fito da wata ƙa'ida da ta buɗe ƙofar ba da izinin haƙar ma'adinai a cikin gandaye, abin da ya jawo ƙorafi mai zafi daga ƙungiyoyi da malaman addini da na jami'a. Masu sauraron labarai za su tuna ranar 6 ga Agustan 2025, da jirgin soja mai saukar ungulu ya faɗi a dajin Adansi Akrofuom ya hallaka mutum takwas, cikinsu har da ministan tsaro Edward Omane Boamah da ministan muhalli Ibrahim Murtala Muhammed. Suna kan hanyar Obuasi ne don wani taro kan matsalar haƙar ma'adinai. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Kuɗin kallon tsuntsu na shekara guda ba zai yi gogayya da abin da rami ɗaya na zinariya ke fitarwa ba, kuma rashin adalci ne a ɗora wa 'yan jagorar ƙauye nauyin tare katafila. Wannan aikin hukuma ne. Ƙiyasin masana shi ne masu-sanƙon da suka rage a duniya ba su kai 10,000 ba, suna kuma raguwa.

Najeriya ma tana da nata kason. Ɗan'uwan nan mai jan ƙeya yana kurmin jihar Kuros Riba, kuma sai a 1987 binciken John Ash ya fito da yawan duwatsunsa a can, shekaru huɗu kafin a kafa gandun ƙasa na Kuros Riba a 1991. A ƙauyen Laminga kusa da Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda tun farkon shekarun 2000 take yaye ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma. Masana 'yan ƙasa sun samu. Masu kallo 'yan ƙasa ne har yanzu suka yi ƙaranci, kuma su ne kaɗai baƙin da rufe filin jirgi ba ya hana su zuwa.

Don haka kirana ga 'yan'uwa mazauna zangunan Kumasi da Obuasi da Accra, musamman malaman makarantun boko da na Islamiyya: daga Kumasi zuwa Bonkro tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota. Ku shirya ɗalibai ƙungiya-ƙungiya, kaɗan-kaɗan don kada a firgita tsuntsayen, ku nemi izini ta hannun mutanen ƙauyen, ku biya 'yan jagora haƙƙinsu cikakke ba tare da neman ragi ba. In kuma kun ji an ba wani izinin haƙa ko yankan katako a gandun Nyamebe Bepo, ku tambayi ɗan majalisarku wa ya sa hannu.